Yadda Ake Sayar da Turaren Wuta da Humra a Taron Gida

Mai sayen turare hancinta take bi, shi ya sa zama ɗaya a falo ya fi hotuna goma a WhatsApp kawo ciniki. Ki fara neman wadda za ta karɓi taron a gidanta, mace mai jama'a, kamar uwar adashi ko wadda ƙawayenta ke jin maganarta, kuma da sanin maigidanta. Ku yanke ladarta tun kafin ranar, ko kashi 10 cikin 100 na cinikin da aka biya a hannu, ko kwalbar humra guda. Idan aka bar shi a "za mu gani", da shi ake ɓatawa.

Mata 8 zuwa 12 sun isa. Fiye da haka hira ce za ta cinye taron. Ki zaɓi Asabar ko Lahadin farko bayan an yi albashi, daga la'asar zuwa dab da magariba, ki kuma tabbatar babu biki ko suna a dangin ranar. Turaren wuta kala huɗu kawai za ki ɗauko, sai humra fara da baƙa. Ki yawaita ƙananan kwalabe, domin wadda ba ta san kayanki ba da wuya ta fara da babba.

Humra ake fara gwadawa, kafin a kunna turare, don da zarar hayaƙi ya cika ɗaki ba wadda za ta ji ƙamshinta na gaskiya. A girgiza kwalbar sosai, a ɗiga a bayan hannu, a jira minti biyar ta zauna a fata. Kada ki bari a shafa baƙar humra a mayafi mai haske, tana barin tabo.

Wajen kunna turaren ne sababbin shiga suke kashe kasuwarsu da hannunsu. A hura gawayi a tsakar gida tun minti 20 kafin a zauna, ba da kananzir ko leda ba, warinsu yana bin garwashin. Sai ya yi ja, harshen wuta ya mutu, toka ta fara rufe shi, sannan a zuba a kasko a shigo da shi. Haɗin turaren wuta akwai sukari a ciki. Idan garwashi ya yi zafi da yawa sukarin ne ke fara ƙonewa, sai ƙauri ya tashi, matan su ɗauka kayanki ne marar kyau. Ki ɗibi kaɗan da yatsu uku, ki ajiye a gefen garwashin. Ki fara da mai sanyin ƙamshi, ki bar mai ƙarfi a ƙarshe. Tsakanin kala da kala ki kwashe ragowar na baya da cokali, a buɗe taga, a ba shi minti 10. Hanci yana gajiya da wuri. Wadda ta jera kala huɗu a jere, daga na biyu duk ɗaya za a ji su. Kasko biyu ya fi, ana canzawa, kuma na yumɓu ba shi da tsada. A kashe fanka lokacin gwaji. Ki tambaya tun farko ko akwai mai asma, mai ciki ko jariri, a ba su wuri kusa da ƙofa. A roƙi uwargida kada a yi suya a kicin ranar. Zoɓo da cincin sun wadatar, su ma sai an gama.

Ki liƙa farashi a jikin kowace kwalba, don idan kika rage wa Hajiya a gaban jama'a, kowa sai ta nemi ragi. Bashi kuwa, rabin kuɗi a hannu, sauran a rubuta a littafi da suna da rana. Mai turo kuɗi ta waya, sai kin ga shigarsu a wayarki. Kafin a watse ki karɓi lambobinsu, ki tambayi wadda ta fi saye ko za ta karɓi taro na gaba a gidanta.