Ku tambayi masani: mutum nawa cikin nawa?

Jama'a, ga wata dabara ga masu shirya zama tsakanin masana kiwon lafiya da al'umma.

Da zarar masani ya ce "haɗarin ya ninka", ku tsayar da shi cikin ladabi.
Ku ce: "Likita, daga mutum nawa zuwa mutum nawa, kuma cikin mutum nawa?"
Ku sa ya rubuta amsar a allo, kowa ya gani.

Kalmar "ninki" tana tayar da hankali, amma ba ta nuna girman abin.
A 1995 hukumomin Birtaniya sun yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini.
Gaskiya ne. Amma ninkin daga kusan mace 1 ne zuwa 2 cikin 7,000.
Mata da yawa suka tsorata suka daina sha, aka samu ciki da yawa da ba a shirya ba.
Abin na ci mini rai, don layi ɗaya a allo zai rage wannan firgicin.

Tambayar tana rage gardama, taro ya tashi da wuri. Masu tsara doka ma suna saurin gane inda ya kamata kuɗi ya tafi.

Sai dai ba kullum take aiki ba.
Idan cutar sabuwa ce, alƙaluman ba su gama taruwa ba, kada ku matsa wa masanin ya ƙirƙiro su.
Idan kuma mai yaɗuwa ce, lissafin yau yana iya canzawa kafin wata ya zagayo.
Ku kuma tambaya ko haɗarin ga tsofaffi da masu ciki ya bambanta da na sauran mutane.