Yadda za ka gane saƙon ban (toshewa) a Soulseek da torrent

Wani ƙanina a nan Jidda ya turo min hoton sikirin da tsakar dare yana ta huci, wai wani bature ya ci masa mutunci a Soulseek, dandalin da mutane ke musayar fayiloli tsakaninsu, ya toshe shi, alhali tsoffin kaset-kaset na wa'azi kawai yake nema. Na ce masa kai kwantar da hankalinka, na'ura ce ta rubuto maka, mai kwamfutar ƙila ma barcinsa yake sha.

Da farko ka duba saurin zuwan saƙon, in kana danna fayil ya faɗo nan take to tuni aka rubuta aka ajiye. A manhajar Nicotine+, ɗaya daga cikin waɗanda ake hawa Soulseek da su, akwai wani abu Leech Detector, aikinsa ƙirga folda da fayilolin da ka buɗe wa jama'a, in ya ga babu komai sai ya aiko maka, don su 'yan Soulseek a wajensu babban abin kunya ne ka zama ci-ma-zaune, ka kwashi na mutane naka kuma ka ƙulle, kuma ni gaskiya ban ga laifinsu ba.

Sai ka shiga Shares ka zaɓi folda mai kaya, abin da kake da ikon rabawa fa, ka danna rescan. In ka yi haka har yanzu ana cewa ba ka da komai to ƙila matsalar port ce, wato ƙofar da wasu ke shigowa na'urarka ta intanet, mu da yawancinmu da datar sim muke hawa, IP ɗaya, wato adireshin intanet, mutane da yawa ke kai, ƙofarka a rufe take, in ta wancan mutumin ma a rufe take ba yadda za a yi ya ga kayanka. Ka gwada da intanet ɗin gida ka buɗe port a rauta. Wanda ya toshe ƙasar da kake sukutum kam ba ruwanka, nemi wani.

A qBittorrent kuma, manhajar sauke fayiloli ta torrent, abin ya sha bamban. In ka ga banned a cikin log, inda manhajar ke rubuta abin da ya faru, kai ne ka kori wani, yawanci don guntayen fayil ɗin da ya turo sun ƙi dacewa da lambar tantancewarsu ta SHA-1, wato gurɓatattu ne, ka bar shi haka. Naka laifin a shafin Trackers yake fitowa, wato jerin sabar da ke haɗa masu rabawa, ko ratio ɗinka, wato abin da ka bayar in an gwada da abin da ka sauke, ya yi ƙasa, ko ka ga unregistered torrent, ma'ana an cire torrent ɗin daga can.

Bayan ka gyara ka tura wa wanda ya toshe ka a Soulseek saƙo ɗaya tak cikin ladabi ka jira. Ƙanin nawa folda uku ya buɗe, washegari bayan la'asar aka sake shi.