Darasi na 7: Fannia Cohn da Ajin Dare na Teloli

Malami ya fara karantawa da ƙarfi, sannan kowane ɗalibi ya ɗauki sakin layi ɗaya.

An haifi Fannia Cohn a shekarar 1885 a garin Kletsk, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Rasha, yau kuma yana cikin ƙasar Belarus. Bayahudiya ce, 'yar gidan rufin asiri. A 1904 ta yi ƙaura zuwa Amurka, ta sauka a birnin New York. Danginta suna da halin ɗaukar nauyin karatunta, amma ta zaɓi aikin masana'antar ɗinki.

A can ta ga 'yan mata baƙi suna wuni a kan keken ɗinki tun da sassafe har dare, ido ya yi ja, baya ya ƙage, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Da yawansu ba su jin Turanci. Ko sanarwar da mai kamfani ya manna a bango sai an karanta musu. Wanda bai iya lissafa kuɗin aikinsa ba kuwa, abin da aka miƙa masa shi zai karɓa, ko da an ƙware shi.

Fannia ta shiga ƙungiyar ƙwadago ta masu ɗinka tufafin mata, wato ILGWU. A 1916 aka zaɓe ta mataimakiyar shugaban ƙungiyar, mace ta farko da ta hau wannan kujera. Amma babban aikinta yana sashen ilimi, inda ta zama sakatariya a 1918. Idan yara sun tashi daga makarantun gwamnati, da dare sai teloli su shiga azuzuwan, su koyi Turanci da tarihi da tattalin arziki. Tana cikin waɗanda suka kafa kwalejin ma'aikata ta Brookwood a 1921.

Ba a yi mata adalci ba. A 1925 ta rasa kujerarta, daga baya aka ɗora namiji a kanta a sashen da ta raina da hannunta. Duk da haka ba ta bar aikin ba sai a 1962, shekarar da ta rasu.

Aikin yau

1. Rubuta sunanka da sana'arka a layi ɗaya.
2. Daga 1885 zuwa 1962 shekara nawa ke nan?
3. Tela tana karɓar naira 800 a kan kowace riga. Ta ɗinka riga 6, aka ba ta naira 4,000. Nawa ne cikon kuɗinta? Rubuta wa mai kayan gajeriyar takarda ta neman cikon.