Kafin a yi miki tiyatar gyaran jiki: yadda ake jin ta bakin likita na biyu

Tambayar yadda ake neman shawarar likita na biyu ta yi yawa, musamman daga 'yan'uwa mata a Bauchi masu son rage tumbi bayan haihuwa.

1. Ki karɓi sakamakon gwaje-gwajenki daga likitan farko. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

2. Ki nemi ƙwararren likitan tiyata a wani asibitin daban. Ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kuma na Tarayya da ke Gombe.

Hattara: kada na farkon ya zaɓa miki na biyu. Da wuya aboki ya kushe aikin abokinsa.

3. Ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci, MDCN.

4. Ki faɗa masa komai: hawan jini, ciwon suga, sikila, duk maganin da kike sha, har na gargajiya. A nan ake yawan kuskure. Asfirin da ake raina shi yana tsinka jini.

5. Ki nuna masa tsofaffin tabbanki. In hujin kunnenki ya taɓa yin tudu, wurin yankan ma zai iya yin haka.

6. Ki tambaye shi wa zai kula da maganin sa barci a lokacin tiyatar.

7. Kada ki biya kafin alƙalami tukuna.

8. In bakinsu ya saɓa, ki ga na uku.