Yadda ake kai kororon roba ga waɗanda kunya ta hana su shiga kyamis

Kusan duk shekara sai na ga sababbin 'yan sa-kai sun maimaita kuskure guda. A ba su katan na kororon roba, su sa riguna masu rubutu, su nufi tashar mota da lasifika. Direbobi su yi ta dariya, babu mai miƙa hannu, ƙarshenta yara su kwashe su hura balan-balan. Ni ma haka na fara a wata tasha a nan Katsina. Yadda ake sa shi ba zan tsaya a kai ba, wanda ya yi horo ya sani.

Da farko ka san wa kake nema. Binciken ƙasa kan yaɗuwar HIV, wato NAIIS, na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV, Katsina kuwa tana can ƙasa, kashi 0.3 kacal. Wannan adadin shi ke sa mutane sakaci, alhali haɗarin a wurare ƙalilan ya taru: ɗakunan mata masu zaman kansu, direbobin manyan motoci masu kwana a hanyar Jibiya ko Kongolam, masu allurar ƙwaya, da matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, waɗanda yunwa kan tura wasunsu inda ba su so.

Sai takardar izini. Ka samo ta daga KATSACA, hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Katsina, ko ƙungiyar da ta turo ka, ka kai gaisuwa wurin mai unguwa ko sarkin tasha. "Ranka ya daɗe, aikin lafiya ne ya kawo mu." Ya isa haka, kada ka buɗe katan a zaurensa.

To, ga inda aikin yake lalacewa: hannun wa za ka bar kayan? Na taɓa ba wani mai kyamis kwali biyu ya raba kyauta, bayan mako na tarar yana sayarwa. Na koma ga mai shayi, mutumin kirki, amma teburinsa ba ya rabo da idanu, wata guda ko ɗaya ba a ɗauka ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne magajiya a gidan mata, da tsohon ɗan kamasho a tasha, wanda direbobi ke ba ajiyar kuɗinsu. Mutumin da ya riga ya riƙe sirrinsu shi za su iya tambaya.

Magajiya ba a zuwa mata da kaya ranar farko. Ka je hannu rabbana, ko da ɗan goro, ka ce, "Hajiya, barka da hutawa, gaisuwa muka kawo." Ka sake komawa. A zuwa na uku ita da kanta za ta tambayi abin da ke tafe da kai. In namiji ne kai, ka tafi da abokiyar aiki mace, ban yarda da zuwa kai kaɗai ba. Kwali ɗaya guda 144 ne, kada ka danƙa mata shi dunƙule. Ka ƙulla goma-goma a baƙar leda, yadda mace za ta jefa a jaka kamar ta sayo omo. Kuma ka roƙi Hajiya ta tara matan su haɗa baki, domin akwai mazan da ke ƙara kuɗi a bar robar, in ɗaya ta ƙi ta kusa da ita ta karɓa, wahalarka ta tashi a banza. Ɗan kuɗin kati da za ka riƙa ba mai ajiya bai kai na fetur ɗin zirga-zirga ba, ka sa shi a lissafi tun farko.

Zafi ma abokin gaba ne. A Afrilu da Mayu garin nan kan wuce digiri 40, roba kuwa ba ta jure gashi. Ban da ajiya a ƙarƙashin kwano, ban da gaban mota, ban da aljihun baya. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin kowane kwali. Ka gaya musu Vaseline da man kaɗanya da man gyaɗa suna cin robar har ta fashe, mai santsi na ruwa kaɗai ake haɗawa da ita. In kayan kyauta sun yanke, kororon Gold Circle na kyamis ya wadatar.

Sauran a gurguje. In roba ta fashe, a garzaya asibiti kafin awa 72 a karɓi PEP, maganin da ke hana kamuwa da HIV bayan irin wannan haɗari, ana shan sa kwana 28. Ka riƙa tafe da kororon mata ko kaɗan ne, wasu sun fi son sa. Ka san wurin gwajin HIV mafi kusa. A littafinka ka rubuta adadi da rana kawai, ban da suna, ban da lambar waya, domin littafi yana iya faɗawa hannun kowa.