Yadda ake gano irin tsatsar da ta kama alkama

Abokan aiki malaman gona, idan manomi ya kira ku cewa alkamarsa ta yi ja, ku fara da yatsa. Ku shafa wurin. In gari mai launin tsatsa ya maƙale muku a hannu, to cutar tsatsa ce, wadda wani naman gwari ke haddasawa, kuma iri uku ce. Mai dogayen ƙuraje ja mai duhu, da ke yage fatar kara, ita ce tsatsar kara. Ta ganye ƙanana ce, ruwan lemo, a warwatse. Ta uku rawaya ce, tana jeruwa layi-layi, kuma sanyi take so.

Iyakar abin da ido zai ba ku ke nan. Ƙwayoyin halittar da wannan naman gwari yake ɗauke da su kuwa, sai an gwada shi a kan alkama. Yana cusa wani ɗan tsiro cikin ganye ya riƙa tsotsar abinci, yana kuma zuba furotin da ke dakushe garkuwar shukar. Idan alkamar tana da ƙwayar halittar da ta san wannan furotin, sai ta kashe ɗan wurin da ya shiga, yunwa ta gama da shi. Kamar mai gadi ne da ya san fuskar ɓarawo ɗaya tak. Ranar da ɓarawon ya sake kama, ya wuce abinsa. A 2017 masu bincike a Amurka da Ostireliya suka gano biyu daga cikin ƙwayoyin halittar tsatsar kara, AvrSr35 da AvrSr50, suka nuna cewa da zarar ɗaya ta lalace ko ta ɓace, alkamar da ke dogara da ganinta ta shiga uku.

Naku aikin shi ne samfur ya isa ɗakin gwaji da rai. Ku yanki 'yan kara masu sabbin ƙuraje, kowanne kamar tsawon yatsa. Waɗanda suka yi baƙi ku bar su, ba sa kama alkama. Ku sa a ambulan na takarda. Leda kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, gumi take tarawa, kafin a kai samfurin ya yi fumfuna. Ku bar ambulan a buɗe a inuwa ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ku ajiye shi a gaban mota rana ta gasa shi. Ku rubuta gari da kwanan wata da sunan irin. Nan ake shan wahala, don manomi zai ce muku "wanda na sayo a kasuwa ne". Ku bi shi da tambaya har a gano, domin samfur marar sunan iri rabin amfaninsa ya tafi. A Najeriya, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin alkama. Ta ofishinku za ku tura. Ku wanke kayan jikinku kafin ku shiga wata gonar.

A ɗakin gwaji ana shafa garin a kan ƙananan shukar da ba ta da kariya, irin su McNair 701, a kwanar da su cikin duhu da laima. Daga ƙurji ɗaya rak ake ɗiba a yawaita, don kada a cakuɗa jinsi biyu. Sai a fesa wa irin alkama 20, kowanne da sanannen abin kariyarsa. Bayan kamar mako biyu a duba, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 4: ɗigo fari ya nuna kariya ta tsaya, babban ƙurji ya nuna ta karye. Daga nan ake fitar wa jinsin tsatsar karan da suna mai harafi biyar.

Kada ku raina harafi ɗaya. Ug99, wani jinsin tsatsar kara da aka fara gani a Yuganda a 1998, wadda ta karya Sr31, ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar kariya na alkama, sunanta TTKSK. A 2006 TTKST ta ɓulla a Kenya, ta haɗa da karya kariyar Sr24. A 2013 wata daban, TKTTF, ta yi kaca-kaca da irin Digalu da manoman Habasha suka rungume.

Sakamako yakan ɗauki makonni, saboda haka in cutar na yaɗuwa kafin ƙwaya ta cika, a yi feshi ba sai an jira ba. In ya fito kariyar irin ta karye, ku faɗa wa manomi ya sayar ko ya ci, ya nemi wani irin na baɗi, zai fi kyau mai kariya fiye da ɗaya.