Yadda Ake Zaɓar Sabon Linzamin Kwamfuta Idan Tsohon Ya Lalace

Kafin ka nemi sabo, fara gano abin da ya kashe tsohon, domin shi zai nuna maka abin da za ka guje wa. Linzamin kwamfuta, wanda masu gyara suka fi kira maus, a wurare huɗu ya fi samun matsala: maɓalli, tayar tsakiya, waya, da idon da ke ƙarƙashinsa.

Idan ka danna sau ɗaya ya yi kamar sau biyu, ko kana jan fayil ya kuɓuce maka a hanya, makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya gaji. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe da ke haɗa wuta in an danna. Da ya tsufa ko ya yi datti, haɗuwar sai ta riƙa yankewa tana dawowa cikin ƙiftawar ido, kwamfuta kuwa ta ƙirga dannawa biyu. Idan kana gangarawa ƙasa da taya shafin yana zabura sama, ƙura ce ta shiga abin da ke ƙirga juyawarta. Idan kuma ɗaukewa yake yi gaba ɗaya, lanƙwasa wayar a hankali daidai inda ta shiga jikinsa. Idan hasken da ke jikinsa ya mutu ya dawo, to ta karye daga ciki. Kibiyar da ke tsalle-tsalle a allo kuwa sau da yawa silin gashi ne ko zare ya tare idon, hura shi kawai. Ka kuma gwada shi a wata kafar USB da wata kwamfutar, kada ka yar da lafiyayye alhali laifin na kafar ne.

To, in ya tabbata sai an sauya, fara da hannunka, ba da lambobin da ke jikin kwali ba. Auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu ne, 17 zuwa 19 matsakaici, sama da haka babba. Sannan ka lura da yadda kake riƙo ba tare da ka shirya ba. Wani yana kwantar da tafinsa duka a kan maus. Wannan yana buƙatar mai tudun baya da tsawon da zai cika masa hannu. Wani yana tanƙwara yatsu kamar farcen shaho, gindin tafi kaɗai ke taɓawa. Gajere mai tudu can baya ya fi masa. Wani kuma da kan yatsu kawai yake tuƙa shi, shi ƙarami mara nauyi ne nasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai babban hannu ya ɗauki ɗan mitsitsin maus na tafiya ya mai da shi na aikin yini. Yatsu za su takure, ƙaramin yatsa ya riƙa jan tebur, bayan awa biyu ko uku bayan hannu ya fara tsami.

Nauyi ma yana cikin lissafi. Na ofis sukan kai giram 100 zuwa 140, na masu wasan kwamfuta kuwa da yawa ba su kai 70 ba. Batirin AA guda ɗaya yana ƙara kimanin giram 23, don haka kada ka yanke hukunci kan nauyin mara waya alhali babu batiri a ciki. Wanda wuyan hannu ke damunsa ya duba mai tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana musafaha, ko mai ƙwallo da ake murzawa da yatsa shi kuma yana zaune wuri ɗaya. Duka biyun sai an yi kwanaki kafin hannu ya saba, kuma ba magani ba ne idan tebur ya yi tsawo ko kujera ta yi ƙasa. Bahago ya kula sosai: yawancin masu lanƙwasa don hannun dama aka ƙera su, har mai siffa iri ɗaya ta kowane ɓangare ma galibi maɓallansa na gefe suna hagu, inda babban yatsan mai dama yake.

Sai yadda zai haɗu da kwamfuta. Mai waya ba ruwansa da caji, ba ya kuma yankewa, sai dai ka leƙa kafofin kwamfutarka, don wasu sababbin kwamfutocin hannu USB-C kaɗai gare su, yawancin maus kuwa da faffaɗan kai na USB-A suke zuwa. Mara waya iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙaramin risiba da ake sokawa a kafar USB, yana aiki a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, ya fi saurin amsawa, kuma da an soka ya kama. Akwai na Bluetooth, wanda ba ya cin kafa, amma yakan ɗan yi jinkirin farkawa idan an bar shi ya jima ba a taɓa ba. Mai iya duka biyun ya fi dacewa da wanda ke aiki tsakanin na'urori biyu.

Risibar nan tana da tarko biyu. Na farko, a yawancin masu araha an ɗaure ta da maus ɗinta tun daga masana'anta, in ta ɓata shi ke nan. Wasu kamfanoni suna bari a sake haɗawa: risibar Unifying ta Logitech tana ɗaukar na'urori har shida, amma ba ta aiki da na'urorin da aka yi don risibarsu ta Bolt, saboda haka karanta alamar da ke jiki. Na biyu, kafofin USB 3.0 da abin da aka soka a cikinsu suna fitar da hayaniyar rediyo da ke shiga zangon 2.4. Idan kibiya na sarƙewa duk lokacin da ka soka filashi kusa da risiba, matsar da ita wata kafa, ko ka jawo ta kusa da maus da gajeriyar wayar ƙari.

Lambar DPI ita ce abin da masu talla suka fi ƙawatawa, kuma ita ce ta fi ƙarancin amfani. Ma'anarta yawan ɗigon da kibiya za ta yi tafiya idan ka ja maus inci ɗaya. Aikin yau da kullum 800 zuwa 1600 ya wadatar, sai mai babban allo na 4K da zai so ɗan ƙari. Dubu ashirin ba ta sa saiti ya fi kyau. Haka yawan saƙon da yake aikawa a daƙiƙa: 125 yana nufin saƙo ɗaya duk milisakan 8, 1000 kuma duk milisakan ɗaya. Ɗan wasa zai ji bambancin, mai rubutu ba zai ji ba, batiri ne kawai zai fi saurin ƙarewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shimfiɗar da za ka ɗora shi. Ido mai amfani da haske yana rikicewa a kan gilashi da tebur mai sheƙi. Ko dai ka sa faifan maus, ko ka nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa yana aiki a kan gilashi.

Idan dannawa biyu ce ta kashe tsohon, nemi mai makunnin da ke aiki da haske, wanda ba ƙarfe ke haɗuwa a cikinsa ba. Maɓallan gefe biyu na komawa baya da ci gaba suna da amfani ƙwarai, fiye da haka kuwa sai da manhajar kamfanin, kuma ba kowace ke aiki a kwamfuta mai tsarin macOS ko Linux ba.

Ranar da ya iso, cire ledar da ke manne a ƙafafunsa, mutane da yawa kan manta har su ce yana da nauyin ja. Buɗe manhajar zane ka ja layi a hankali, sannan da sauri, ka ga ko yana karkacewa. Riƙe fayil ka zagaya da shi allo ba tare da saki ba, ka murza taya daki-daki sama da ƙasa, ka danna ta. Ajiye kwali da rasit har sai ka yi cikakken yini biyu kana aiki da shi.